Gaisuwar Tsaye

Ina ƙaramin akawu a ofishin gwamnati a Kaduna, lokacin Turawa ba su tafi ba, na zame daga kan keke a hanyar Malali. Ba jini, ba karaya. Sai dai gwiwata ta dama ta cije, ta ƙi miƙewa sosai, ta ƙi lanƙwasuwa.

Likita ya kwantar da ni, ya kama diddigena ya murɗa, muka ji ƙas. Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya yage, gutsuren ya maƙale. Za su yi mini aiki su cire shi bayan Sallah, amma kafin nan kada in kuskura in tilasta mata.

Likita bai san baffana ba, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. Dillalin shanu ne a Unguwar Shanu, kuma ba a gaishe shi a tsaye. Tun da na fara sa kwat yake jiran ranar da zan raina shi.

Ranar Sallah na shiga zaurensa, cike da jama'a. Na sunkuya iya ƙoƙarina.

"Baba, barka da Sallah. A yi mini afuwa, gwiwar ce."

"Nuna min ciwon."

Na ɗage wando. Ba abin gani, kumburin ma ya sace.

"Boko ne ya sandarar da ita," in ji shi.

Ya yafito mutanensa biyu masu kayar masa da bijimai. Suka dafa kafaɗuna suka danna. Ƙarar da gwiwar ta yi har na bakin ƙofa sun ji. Na tsinci kaina a ƙasa, idona ya yi duhu. Baffa ya ce, "Ashe tana lanƙwasuwa." Aka yi dariya, aka shigo da tuwo.

An yi aikin, amma likita ya ce ɓarnar ta wuce guringuntsi, jijiyoyin ma sun tsinke. Ƙafar ta warke a sandare. Na sayar da keken, salla kuma sai a zaune. Ban yafe masa ba, har yau ma ban yafe ba. Amma ban fasa zuwa gaishe shi ba, don ba ni da wani uban sai shi. Tunda ba halin durƙuso, sai in zauna a ƙasa, ƙafar a miƙe tana fuskantarsa. Shi kuwa sai ya juya wajen baƙinsa ya ce, "Kun gani ko? Yanzu har ƙafa yake miƙe min."