Na Shanya Bahon Malam

A gidanmu na Kano, ruwan da aka yi wanka da shi makwarara yake bi. Kwano in an ci abinci a wanke a kife, randa in ta kwana biyu a juye a ɗauraye, a bar ta ta sha iska. Da wannan tarbiyya na zo New York a shekarun saba'in, ina bin mijina da yake aikin fassara a wani ofis a Manhattan. Malam nake ce masa. Shi kuma Duba-gari yake ce min, wai don ba na shiga ɗaki ban shafa yatsa a kan tebur na duba ƙura ba. 'Ya'yanmu biyu suna gida a makarantar kwana, a hannun yayansa, mu kuma muna haya a ƙasan wani gida a Soundview, can cikin Bronx, mai ɗan fili a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma shida ba.

A hunturunmu na uku Malam ya fara ciwon baya. Muka ce sanyin garin ne. Na yi masa shayin citta da kanumfari har na gaji, na shafa masa man zafi har tafin hannuna ya saɓule. Sai da aka ɗauki hoto likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya shiga ƙashi. Suka ba shi ƙwayoyi masu sa barci, shi kuwa ya tsane su, domin in ya sha ko layi ɗaya ba ya iya karantawa. A asibitin ne aka taɓa sa shi cikin wani baho na ruwan ɗumi har wuya. Ya dawo gida yana murmushi, abin da na yi wata ban gani ba, ya ce min, "Duba-gari, yau na yi rabin awa ban san ina da baya ba."

Daga nan ya yi odar nasa. Aka kawo shi a ɗaɗɗaure, falankan jan katako da zobban ƙarfe uku da ɗan inji. Maƙwabcinmu wani tsoho ne Ba'italiye, kafinta, wanda ya ce a ƙasarsu gangunan katako na zuba ruwan inabi yake haɗawa, shi ya harhaɗa shi a bayan gida. Babu ƙusa, babu gam. Ya jera falankan a tsaye kamar ana kewaye rijiya, ya buga zobban suka matse su, ya yi benci a ciki da matakala a waje. Tsawonsa ya kai ƙirjina.

Ni dai abin da ya dame ni ɗaya ne, kuma ban ɓoye ba.

"Malam, wannan ruwan yaushe za a zubar?"

"Sai bayan wata biyu, ko uku."

"Wata nawa? Innalillahi! Ruwan da ka shiga jiya, ka shiga yau, shi za ka koma gobe? Ko kududdufi ai ruwan sama yana sabunta shi."

Ya yi dariya har ya dafe ƙugu. Ya ce ai ba wanka ake yi a ciki ba, sai mutum ya yi wankansa da sabulu a banɗaki, ya ɗauraye tas, sannan ya shiga. Ya ce sabulu ko kaɗan ne ya shiga ruwan, kumfa zai tashi ya ɓata shi. Na ce oho dai, ƙazanta ko an sa mata turare sunanta ƙazanta.

Kullum bayan sallar asuba, in gari ya fara haske, yakan fita da wani ɗan akwati. A ciki akwai 'yar kwalba mai baki biyu. Ya ɗebo ruwa daga ƙasa, ba daga sama ba, sai ya tsoma hannu har gwiwar hannu. Ɗigo biyar na wani magani a wannan baki, ruwan ya koma ruwan ɗorawa, wannan shi ke nuna ko kilorin ya isa. Ɗigo biyar na wani a ɗaya bakin, ya yi ja. In jan ya kwashe ya karkata wajen ruwan lemo, ya ce ruwa ya yi tsami, a zuba masa garin soda. Na ce ashe kanwa ce dai kake sa masa kamar miyar yakuwa. Ran Asabar a ciro matacin injin a wanke da tiyo. Ganye in ya faɗa a tsame. Murfi kullum a rufe. Sai ya ɗaga kwalbar wajen haske yana lumshe ido ɗaya, kai ka ce likita ne.

Da ƙafafunsa suka fara gaza shi, ni na karɓi aikin, yana zaune yana gyara min. Na iya kuwa, don ni ba a koya min abu sau biyu. Sau biyu na ga an canza ruwan, shi da tsohon kafinta. Suka zuƙe shi da safe, suka ɗan goge cikin da tsumma, kafin azahar sun mayar da tiyo suna cikawa. Ina kallonsu ta taga ina cewa a raina, aikin maza ke nan, ko iska ba su bari ya sha ba. Ban tambaya ba, su ma ba su ce komai ba.

Amma fa ina ganin abin da ruwan yake masa. Mutum ne dogo, ciwon ya ranƙwafar da shi. Zan riƙe shi ya hau matakalar yana nishi, ya zauna a bencin, ruwa ya kawo masa wuya. Kafin in ƙirga ɗari sai in ga goshinsa ya saki. A nan yake ba ni labarin ofis, a nan yake tsokanata, wani lokacin har ya ja baƙi da murya mai daɗi kamar da. Mijina na sosai a cikin bahon nan kaɗai nake samunsa.

Da zafi ya shigo, wajen watan Yuli, aka kwantar da shi asibiti za a yi masa gashin ciwon daji da na'ura na mako uku. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofar baya ya ce, "Duba-gari, ga amanar bahona."

Na ce, "Je ka dai. Za ka dawo ka ga yadda ake riƙon abu."

Kwana uku ina bin ƙa'ida, ɗigo biyar nan, ɗigo biyar can. A rana ta uku na shafa yatsa a jikin katakon ta ciki, na ji ɗan santsi. Shi ke nan. Na ce marar lafiya zai dawo ya shiga wannan yauƙin? Wallahi sai na nuna musu yadda ake wanke abu. Na zuƙe ruwan duka, na ɗaure zani na shiga ciki da soso da sabulu, na dirje falankan ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye sau uku don kada kumfa ya saura. Sannan na jingine murfin a bango, na bar bahon a buɗe rana ta gasa shi. Zafin New York na lokacin ko Kano albarka. Kullum in na leƙa in ji ƙamshin katako, in ga ya yi fes ya bushe ƙamas, sai in ji daɗi ya kama ni. Tsohon kafinta ya tafi wajen 'yarsa a New Jersey, babu wanda ya gani.

A asibiti in na kai masa kunu yakan ce, "Ya ruwa?" Sai in ce, "Za ka gani da idonka." Ina ɓoye masa kamar mai ɓoye tsaraba.

Ƙarshe likitocin suka kira ni gefe suka ce sun yi iyakar yinsu, in kai shi gida. Ranar da zan ɗauko shi na jefa tiyo cikin bahon, na buɗe famfo, na fice da sauri, a kan in mun dawo ya cika sai in kunna masa wuta. A cikin tasi ya kwantar da kai a kafaɗata, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya ce, "Ba na son abinci, ba na son baƙi. Ki sa ni a ruwa kawai."

Da na buɗe ƙofar baya ruwa ne ya tarye ni. Filin duk ya malale har ƙarƙashin shingen maƙwabta. Bahon yana tsiyaya ta kowace kusurwa kamar kwando, abin da ya taru a ciki ko idon sawu bai rufe ba. Zoben tsakiya ya sulluɓo ya faɗo kan na ƙasa. Sai a lokacin idona ya ga abin da na yi kwanaki ina kallo ban gani ba: tsakanin falankan, haske yana ratsowa.

Malam ya dogara sanda ya taka cikin ruwan da takalminsa. Ya sa ɗan yatsa a tsagar, ya shige.

"Kwana nawa ya yi ba ruwa?"

"Sha takwas."

Ya jima yana kallonsa. Sannan ya ce, "Kin wanke shi tas kuwa." Ya juya ya nemi kujera. Da ma zagina ya yi, da ma ya ce in tattara in koma gidan ubana, da na fi samun sauƙi.

Washegari kafinta ya dawo. Ya ɗora hannu biyu a ka yana ta magana da yarensu. Da ya lafa ya yi min bayani da Turancinsa, wanda bai fi nawa ba: ruwa ne yake riƙe bahon. Katakon yana sha ya kumbura, falankan su matse juna. In ya bushe ya tsuke. Ya ɗaga zoben ya buga shi, ya ce kada tiyo ya daina zuba, in lulluɓe bahon da jiƙaƙƙun barguna. Na ce kwana nawa? Ya karkata hannu, ya ce mako ɗaya, ko kwana goma, katako ne zai faɗa.

Na gwada sa Malam a bahon banɗaki. Gajere ne, ga shi can ƙasa, ga tauri. Ihun da ya yi da na sauke shi, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ba mu sake ba.

Ya sa na ajiye masa kujera a bakin tagar kicin, inda zai riƙa hango bahon. Duk barguna da tawul na gidan na kwashe na jiƙa na rufa masa, in sun fara bushewa in sake jiƙawa. Kowace safiya in ja layi da alli a jikin katakon, inda ruwa ya tsaya. Ranar farko ƙauri, rana ta huɗu gwiwa. In na ja layin sai in juyo in nuna masa a jikina, ya gyaɗa kai. Ciwon kuwa bai jira katako ba. Na sha shigowa in tarar da shi ya cusa gefen mayafi a baki yana cizo don kada in ji. A rana ta biyar da kansa ya ce in miƙo masa ƙwayoyin nan da ya tsana. A rana ta takwas motar asibiti ta zo ta ɗauke shi.

Da na je duba shi da yamma ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ya riƙe?"

Na ce, "Ya riƙe, Malam. Ya cika har baki."

Ya kalli gefen zanina da yake jiƙe sharkaf, ya ɗan motsa baki. "Duba-gari, ba ki iya ƙarya ba. Ina ya kai?"

"Ƙugu."

"To ai saura kaɗan."

Nan na durƙushe a gefen gadon, kukan da na yi kwana takwas ina haɗiyewa ya ƙwace min. Na ce ya yafe min, ni na cuce shi da shegen iyayina. Ya ce, "Tashi, mutane na kallo. Ni ne ban faɗa miki ba. Na yafe duniya da lahira." Sai kuma ya shiga yi min bayani, yana hutawa tsakanin kalma da kalma: in ya cika, kada in kunna wuta sai ruwa ya haura ramin injin, in ninka kilorin a zubin farko, in jira launin ruwan kwalbar gwaji ya sauko kafin a shiga. Na ce to. Ya ce in maimaita, na maimaita.

Bayan kwana biyu ya rasu, ranar Alhamis bayan la'asar. Abokan aikinsa da mutanen masallacinmu suka yi masa sutura, aka kai shi ran Juma'a. Matan 'yan uwanmu na Nijar da na Gana suka cika min falo, suna ta ba ni haƙuri, suna cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Ban taɓa cewa ruwa zai ƙara masa ko yini ɗaya ba. Amma kwana takwas ɗin nan su ne na ƙarshe da ya yi a gidansa, kuma abu ɗaya tak ya roƙe ni a cikinsu.

Ran Asabar da safe na zame na fita baya. Tun ranar rasuwar ban leƙa ba, ashe tsohon kafinta ne yake tsallakowa yana jiƙa bargunan. Ban ji ƙarar ɗiga ba. Ƙasa ta bushe, bahon ya cika har baki, ko motsi ruwan ba ya yi. Tsohon yana tsaye a bayan shinge da hularsa a hannu, ya ce tun jiya ya riƙe.

Na ɗauko akwatin. Na ninka kilorin, na kunna wuta, na zauna a kan matakala ina jira. Wata daga cikin matan ta leƙo ta ce, "Hajiya, shigo ciki, ga masu gaisuwa." Na ce ina zuwa. Sai wajen azahar na tsoma hannu har gwiwar hannu, na ji ya kai daidai ɗumin da yake so. Na bar hannuna a ciki, ban san wanda zan kira ba.