Mutanen Legas na Malam Sunusi

Malam Sunusi ya yi aikin malamin gona a Zauro har ya yi ritaya. Zaman gida bai karɓe shi ba, sai maƙwabciyarsa Ajoke ta buɗe masa shafi a intanet, yana rubuta abin da ya sani game da noman shinkafa.

Shafin kan nuna inda masu karatu suke. Yawanci "Najeriya" kawai yake cewa, in kuwa ya ambaci gari, to Legas ne. Ajoke ta ce kada ya dogara da wannan, domin mai shiga da waya, ko a nan Gwadangaji yake, kamfanin layi na iya bi da shi ta Legas. Malam Sunusi bai saurare ta ba, don abin ya yi masa daɗi. Ya koma yi wa mutanen Legas bayanin mece ce fadama, da yadda kogin Rima ke cika da damina.

Wata rana a kasuwar Argungu, wani manomi ya tare shi, waya a hannu.

"Malam, kullum muna karanta rubutunka. Amma mi ya sa kaka koya muna fadama? Cikinta anka haife mu. Maganin tsutsa muka biɗa."