Rumbun da Inna ta liƙe

Shekarun baya, lokacin da ake tare motoci ana kwashe samari zuwa yaƙin kudu, aka kama ƙanena a kasuwar Gadarif. Ya je sayen takalmi ne kawai. Daga ranar ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

A gidanmu na Mafaza mahaifiyata ba ta yi kuka a gabanmu ba. Rumbu ta gina. Ta kwaɓa laka da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa, tana ɗora zagaye kan zagaye har ya wuce tsayina. Ta cika shi da dawar da ƙanena ya nome da hannunsa, ta liƙe bakin.

"Ba mai taɓa wannan sai ya dawo," in ji ta. "Da ita zan yi masa karama, walimar godiya ga Allah."

Da damina ta matso, yayana ya kawo mushamma, irin ledar nan mai kauri da ake rufe lori da ita. Ya ce, "Inna, halas, shi ke nan, ruwa ba zai taɓa shi ba." Muka naɗe rumbun tun daga sama har ƙasa. Ni ne mai ɗaurin igiya, ina ta hura hanci kamar wani injiniya.

Ashe rumbu ma numfashi yake yi. Laima ta riƙa hawowa daga ƙasa ba ta da mafita, rana kuma tana dafa ledar. Bangon da ke ɗauke da nauyin dawa ya yi laushi muna zaune ba mu sani ba.

Wata safiya muka ga ya karkace. Muka yaye ledar. Innalillahi! Ƙugunsa ya lanƙwashe, cikinsa ya turo gefe guda, lakar tana gumi. Na tura hannu ta tsagar, na ji zafi kamar jikin mai zazzaɓi. Tsakiyar duk ta yi baƙi tana wari.

Wallahi na tsorata, don na san abin da Inna za ta gani a wannan faɗuwa: alamar ɗanta ba zai dawo ba. Ta durƙusa ta daɗe tana tona da yatsunta. Can ta ɗago da tafi cike da ƙwayoyin da ke jikin bango, sun fara tsiro.

"Ku ɗauko fartanya," ta ce. "Wannan ba ta mutu ba."

Ran nan muka shuka su a bayan gida. Kowace kaka tana ware iri daga ciki, ta shanya shi a sarari, ba ta ƙara yarda an rufe ba.

Ƙanena ya dawo bayan an yi sulhu, yana ɗingishi. Bai sami Inna a raye ba.

Har yau in na ga an naɗe wani abu da leda don tsananin so, sai gabana ya faɗi. Ranar da ƙanena ya dawo, tuwon dawar nan muka fara ajiye masa. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya ce, "Wannan ai dawata ce."