Na Dama Na Haki, Na Hagu Na Barci

Ƙafafuna sun gaji, bayana ya gaji, amma yau Inna Dije nake tunawa, kakata ta wajen uwa. A Mandera ta raine ni, can ƙasar Shagari. Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo sai ta hura wutar karan gero a bakin ɗakinta, ta binne gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. "Matso nan, angona, miji ba kuɗin cefane," in ji ta. Sannan ta ce ga ta nan, wanda ya yi gyangyaɗi a cinye rabonsa. Mu ce ta zo, idonmu biyu.

Akwai tatsuniyar da ba na so, don babu kura babu gizo a cikinta. Wai wani tsohon maƙeri ne da 'ya'yansa tagwaye, Hassan da Usaini, kowa riƙe da fata ɗaya ta zugazugi. Damina ta matso, manoma na jiran fartanya, wuta kuwa ta ƙi daidaita: ƙarfe ya yi ja a gefe guda, gefe guda baƙi ƙirin. Ɗaya cikin yaran yana zuga fiye da ɗan'uwansa. Da can uban da kunne yake ganewa, amma ƙarar guduma ta cinye masa ji, kuma bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa yi wa yaran faɗa su duka biyun.

Akwai wata makauniya mai ɗinkin faifai da ke zama a inuwar maƙerar. Inna takan rufe ido ta kwaikwayi muryarta: "Maƙeri, na dama shina haki, na hagu shina kwana." Shi kuwa ya ce wa ya tambaye ta. Sai da hadari ya haɗu, manoma suka fara juyawa da ƙarafansu, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baiwar Allah, ji mani." Ta sa kowane yaro ya zuga shi kaɗai, ta ce wannan ya rage, wancan ya ƙara, har numfashinsu ya zo ɗaya. Wuta ta kama.

Na ce, "Inna, me ya hana shi faɗa tun farko?"

Ta ɓare gyaɗa ta miƙo mini. "Sai ka girma, angona. Hwaɗin 'ban jiya ba' ya hi guduma nauyi." Ta ce tatsuniya ta ƙare a kan ɓera, kowa ya tashi.

To, na girma. Na tsufa ina kanikanci a Boɗinga. Makon jiya aka jawo mini wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ta Malam Bello, tsohon hedimasta daga Shagari. Yanar ido ta makantar da shi, sai da sanda yake tafiya. Burinsa ɗansa ya tuƙa shi a cikinta zuwa Horo Birni, garin da ya fara koyarwa, ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance. Ya ce duk yankin nan ni kaɗai na rage da na san irinta, kuma gaskiya ya faɗa.

Motar kafireta biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, su ke haɗa wa inji mai da iska, dole su sha iskar daidai. Yadda muka koya, sai ka kwance ƙarfen da ya haɗa su, ka sa bakin tiyo a maƙogwaron ɗaya, ɗaya bakin a kunnenka, ka ji shuuu ɗinta. Ka koma kan ɗayar. Kana juya sukuru kaɗan-kaɗan har sautin ya zama ɗaya, sannan ka sake ɗaurewa. Kwana uku ina yi, inji na kakkarwa yana tari. Na zagi fulogi, na zagi mai, na zagi wanda ya ƙera ta. Alhali na san abin da ke akwai: kunnuwana sun daɗe da tafiya, matata ma sai ta maimaita magana sau biyu. Tsoro nake ji a sani, don bakaniken da ba ya jin inji ya gama aiki.

Rana ta uku da la'asar Malam Bello na zaune a benci, haɓarsa bisa sanda. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam Sani, kamar ta gaba ta hi ta baya jan iska."

Har na buɗe baki zan ce wa ya tambaye shi. Sai na ji ƙamshin gyaɗar nan cikin toka, na fasa. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Na ce, "Malam, Allah shi gafarta maka, ba ni ji. Na daɗe ba ni ji."

Sai ya tashi daga benci. Ya miƙo hannu, na kama shi har bakin inji, na sa masa tiyo a kunne. Yana cewa rage, ina ragewa. Ƙara kaɗan. Tsaya nan. Na ɗaure ƙarfen, na dafa jikin motar, na ji kakkarwar ta kwanta a tafin hannuna.

Jiya suka tafi Horo Birni. Mutanen gareji sun ce ƙararta ta yi daɗi da ta hau titi. Ni dai na ga ƙeyar Malam Bello da hularsa har suka ɓace.

Shekara da shekaru na ɗauka Inna labarin tagwaye take ba mu, wai 'yan'uwa su haɗa kai. Ashe da tsohon take, ni kuma ta ajiye wa shi. Ta yi gaskiya, Allah ya jiƙanta. Na ɗaga inji da hannuna, ban taɓa ɗaukar abin da ya kai kalmomin nan nauyi ba.