Ranar da Kawu Sule ya gudu daga dutse

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Kawu Sule, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe mu a Makka bayan mutuwar babanmu.

Kafin ya biyo ta Chadi da Sudan zuwa Makka, fataucin goro ya yi a Kamaru. A can ya ga dutse ya yi aman wuta, walƙiya na fita daga cikin hayaƙin, tsawa na tashi ba tare da hadari ba. Duk wanda ya ba wa labarin sai ya yi dariya, mu ma mukan yi a ɓoye.

Cikin shekarun alif ɗari tara da sittin, muna zaune a wani gidan kwano a jikin dutse, hadari ya haɗu bayan la'asar. Walƙiya ta sauka a ƙololuwar dutsen nan, Kawu ya ce shi ke nan, dutse zai fashe. Ya saɓa ƙanena a kafaɗa, ya damƙe hannuna, ya kora yaran maƙwabta gaba, muka nufi kwari a guje.

Maƙwabciyarmu Khala Maryam, haifaffiyar Makka, ta sha gabansa.

"Ya Hajji, fen? Ina za ka da yara?"

"Wuta za ta fito, Maryam!"

"Wallahi ba wuta a dutsen nan. Ambaliya ce a ƙasa. Yalla, ku koma sama!"

Da ƙyar ya juya. Ba mu kai ƙofa ba, ruwa ya cika hanyar kwarin da muka nufa, yana tafe da tumaki da ƙyauren wani shago. Har yau in na tuna, sai in yi ajiyar zuciya in gode wa Allah.

Bara jikana ya nuna min bidiyo a waya, dutse na aman wuta, walƙiya na wasa cikin hayaƙi. Ashe gaskiya Kawu ya faɗa. Raina ya yi sanyi ƙwarai. Da yana nan, da sai ya zaga unguwarmu ta Shisha gida-gida da wayar nan, kowa ya gani. Dutsen da ya tsorata shi kuwa, katafila ta baje shi tuni.

Kawu ya yi kuskuren hanya ran nan. Amma ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba, mu ya kwasa. Ni ma da na tsufa, in tsawa ta faɗi, sai in ga hannuna ya riga ya kama na yaron da ke kusa da ni. Allah ya jiƙanka, Kawu.