Ɗinkin Gwajin da Kabiru Ya Bar Mana

Shekara tara ke nan da muka rasa ƙanena Kabiru, wanda mutanen Kaduna suka fi sani da Injiniya. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, nakan yi masa addu'a, in yi sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana kam ba zan yi shiru ba, domin wani abu ya faru a falona da ya kamata masu karanta wannan shafi su ji, musamman matasan da har yau suke turo min tsofaffin rubuce-rubucensa a waya suna tambaya ko na taɓa gani. Na gani mana. Ai ni ce "wata yayata mai faɗa" da yake yawan ambata a ciki.

Ga wanda bai san shi ba, sana'ar Kabiru haɗa manhaja ce, irin wadda ake buɗewa ta intanet. Makarantu da ƙananan asibitoci da 'yan kasuwa sukan kira shi ya ba su shawara, ko ya haɗa musu. Amma abin da ya fito da sunansa shi ne bakinsa da alƙalaminsa. Duk inda aka tara matasa masu koyon kwamfuta, daga Kawo har Rigasa, za ka same shi gaban majigi, janareto na ruri a waje, yana haɗa manhaja a gaban idon jama'a kafin a kira la'asar. Karatunsa ɗaya ne, yana ta juya shi: kada ka kulle kanka shekara guda kana gina abin da ba wanda ya gani. Ɗauki kayan aikin da wasu suka riga suka tanada, ka haɗa ɗan ƙarami cikin mako, ka miƙa wa mai amfani da shi, ka gyara, ka sake miƙawa.

Ya sha suka a kan haka. Manyan da suka girme shi a harkar sukan ce masa sauri ya haifi nawa, wasu ma su ce aikin 'yan koyo yake yi wa ado. Bai taɓa fushi ba. Yakan ce shi ba saurin gamawa yake wa'azi ba, saurin nunawa yake wa'azi. Ni kuwa ina bayansa tun farko, domin na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, na kuma ga irin ayyukan da ake shekara da shekaru ana shiryawa a ɓoye, a yanka ƙyalle, a ci shinkafa, a watse, washegari kowa ya koma kan tsohon fayil ɗinsa.

Mutane sun ɗauka a littattafan Turawa ya samo wannan ra'ayi. Wataƙila ya samo wani abu a can, amma ni na san tushen. Mahaifinmu tela ne a Hayin Banki, mutumin Katsina da neman abinci ya kawo shi Kaduna. Baba ba ya gama riga kafin mai ita ya saka. Zai harhaɗa ta da manyan zare, ya aika a kira mutum, ya sa masa, sannan ya koma gefe ya goya hannuwansa a baya yana kallo. Ba ya tambaya ko ta yi. Yakan ce mana Bahaushe yana da kara, in ka tambaye shi zai ce masha Allah ta yi kyau, ya je gida ya jefa ta ƙasan akwati, kai kuma ba za ka sake ganinsa ba. Saboda haka sai ya bar mutum ya ɗaga hannu, ya zauna, ya laluba aljihu. Inda ya ga an ɗan yamutsa fuska, nan zai farke.

Haka Kabiru ya ɗauko wannan ɗabi'a ya kai ta cikin kwamfuta. Da yake ya san ni Allah bai ba ni kara mai yawa ba, sai ya mai da ni ma'auninsa. Kowace Alhamis bayan la'asar zai zo gidana, sau da yawa da 'yarsa Safiya a bayan mota, ya ɗora min waya ko kwamfuta a cinya, ya ce, "Yaya, ga shi. Nemo sakamakon jarrabawar ɗanki." Daga nan sai ya koma jikin bango ya goya hannu. Ko zan shekara ina lalube ba zai nuna min inda zan danna ba. Na tuna ranar da na danna nan na danna can har raina ya ɓaci, na wurgar da wayar kan kushin, na ce wanda ya haɗa wannan abu bai taɓa haihuwa ba balle ya san zullumin uwa. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Alhamis ta gaba ya dawo, da buɗewa sai ga abin da nake nema a gaban idona.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ja lokaci ba. Lokacin Safiya tana 'yar shekara goma sha uku. Na yi kukan rashinsa fiye da yadda na yi zato, kuma na daɗe ina jin haushin ranar Alhamis.

Yanzu duniyar da ya bari ta canja. Yaran yau suna gaya wa ƙirƙirarriyar basira abin da suke so da baki, ta rubuto musu manhaja kafin shayi ya huce. Wani tsohon ɗalibinsa ya ce min da Injiniya yana raye da ya rasa abin faɗa, tunda saurin da yake kira a yi yanzu na'ura ta fi kowa. Na ce masa bai san malaminsa ba. Da Kabiru yana nan, da shi zai fara rungumar abin, ya kuma tara yara ya koya musu. Baba ma ai bai ƙi keken ɗinki mai lantarki ba da ya zo. Amma keke komai gudunsa bai san faɗin kafaɗar mai riga ba, dole sai an kira shi ya saka. Ba ni da shakka ko kaɗan cewa abin da Kabiru zai faɗa ke nan.

Hujjata ita ce Safiya. Ta girma, ta karanta kwamfuta a jami'a, kuma duk wanda ya koyar da ita ya ce kanta yana ja. Wata likita mai ƙaramin asibiti a Rafin Guza ta ba ta aikin farko: ta haɗa manhajar da mata masu juna biyu za su riƙa kama layin awo daga gida, maimakon su yi sammako su cika benci har azahar. Safiya ta haɗa abin da wuri, da taimakon irin na'urorin nan na zamani. Sai kuma ta ƙi nuna wa kowa. Yau ta ƙara wannan, gobe ta canja launi, jibi ta rushe ta sake. Watanni suka shuɗe, likita ta gaji da kira, matan kuma suna nan kan benci.

Mahaifiyarta ce ta zo min da maganar, idonta ya yi ja. Ta ce Safiya ta yanke shawarar mayar wa likita aikinta, ta kuma bar sana'ar gaba ɗaya. Dalilinta shi ne duk inda ta shiga ana cewa ga 'yar Injiniya, kuma ba za ta fitar da abin da za a ce bai kai na ubanta ba. Wai da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Jin wannan karin magana ya tayar min da hankali, domin duk cikin maganganun Hausa babu wadda Kabiru ya tsana kamarta. Yakan ce ita ta hana mutanenmu da yawa koyon rawar ma baki ɗaya. Na aika a gaya wa Safiya ina nemanta ranar Alhamis bayan la'asar, kuma ta zo da kwamfutarta.

Ta zo a sanyaye. Ta fara yi min bayanin cewa abin bai kammala ba, akwai wurare da yawa da ba ta gyara ba. Na katse ta.

"Ke Safiya, kin san sau nawa na zagi aikin ubanki a kan kujerar nan?"

"Goggo, ai shi Abba gwani ne."

"Gwanin kawo min abu rabi da rabi ne. Miƙo nan."

Ta buɗe ta miƙo. Na ce to, yau ni mai ciki ce wata shida daga Rafin Guza, ina son layin ranar Litinin. Na sa tabarau na fara. Shafin ya yi kyau, ba ƙarya, har da hoton jariri yana murmushi. Amma kafin in kai ga layi sai da aka tambaye ni adireshin imel, aka ce in ƙirƙiri kalmar sirri mai haɗe da lamba, aka tambaye ni nauyina. Na shiga wani wuri na kasa fita. Raina ya soma ɓaci kamar yadda ya saba, na ce wace mai ciki ce za ta zauna tana wannan wahala alhali tuwo na kan wuta? Na ɗago kai don in ce ta zo ta nuna min.

Tana jikin bango. Ta goya hannuwanta a baya, ta cije leɓe, hawaye na zuba, amma ba ta matso ba.

Ban san lokacin da na ajiye kwamfutar ba. Kabiru ya rubuta abubuwa da yawa, amma bai taɓa rubuta maganar goya hannu ba, ni shaida ce. Yarinyar nan tana zaune a kan tabarma tana cin cincin ɗina ta gani, shekara da shekaru, ya shige ta ba ta sani ba. Da ta share ido sai ta ce, "Goggo, ci gaba. Ina son in ga inda za ki sake ɓacewa." Na kuwa ci gaba, na ɓace sau biyu, ban rage mata komai ba.

Alhamis ta gaba ta dawo ta zubar da fiye da rabin abin da ta gina. Suna, lambar waya, rana, shi ke nan. Mako na biye ta kai wa likita haka nan, ta tsaya a bakin ƙofar awo tana kallon mata suna gwadawa a wayoyinsu. Sun yi ƙorafi, ta gyara. Har yanzu suna ƙorafi, har yanzu tana gyarawa, bencin kuma ya fara samun wurin zama. Maganar barin sana'a ba ta sake tasowa ba.

Idan na auna abin da ya rage na Kabiru, gaskiya manhajojinsa kusan duk sun mutu. Makarantun sun canja wasu, kayan aikin da yake yabo a majigi yaran yanzu ko sunansu ba su sani ba, shafin da yake rubutu ma sai da taimakon ɗalibansa ake samun kwafinsa. Wannan bai dame ni ba, shi ma na san ba zai dame shi ba, tunda bai taɓa ɗinka abu don ya dawwama ba. Abin da ya rage shi ne ƙarfin halin miƙa wa mutum aikinka tun da zaren gwaji a jikinsa, ka koma gefe ka yi shiru ka ji gaskiya. Daga shagon Baba a Hayin Banki ya fito, ya bi ta hannun Kabiru, yanzu yana hannun jikar tela.

Allah Ya jiƙan Kabiru da Baba, Ya haskaka kabarinsu. Gobe Alhamis, Safiya ta ce akwai sabon abu da za ta kawo. Na riga na goge tabarau.