Mudi Wanzami da Kumatun Yunusu

Da hantsi Mudi yakan shimfiɗa tabarmarsa a gindin darbejiya, bayan rumfunan mahauta a kasuwar Dembe da ke Injamena. Ba ya fara taɓa aska. Wuta yake hurawa, ya ɗora ruwa, ya zuba gishiri. Sai ya ɗauko filasta ya dinga yanka shi siri-siri, yana jerawa a bakin faranti. Na daɗe ina kallonsa daga rumfata, ina tambayar kaina: me wanzami zai yi da ruwan gishiri?

Ni ba mai yawan yabo ba ne. Wannan mutum ya cancanta.

Tun da yaƙi ya shigo Injamena, asibiti ya zama na waɗanda aka harba. Wa zai duba wanda gilashin taga ya tsaga wa goshi? Irin waɗannan wurin Mudi suke zuwa. Yakan wanke, ya danne har jini ya tsaya, ya haɗa bakin ciwon da yatsu biyu, ya gilma filasta a kai. Ba allura, ba zare. In ciwon ya yi zurfi ko ya kusanci ido, ba ya taɓawa, asibiti yake turawa.

Wata rana aka kawo wata mata da yanka a gira. Na matso in gani.

Na ce, "Kai da kake wanzami, aske girar mana ka ga ciwon."

Ya ce, "Ya'akubu, in na aske, da me zan gane bakin da ya dace da baki? Gashin ne jagorana. Koma ka sayar da hantarka."

Na koma. Amma da matar ta warke na sake duba girar. A miƙe take.

Maganar Yunusu ta fi wannan nauyi. Yunusu ke ɗauko mana nama a keke daga mayanka, kullum sai ya ratsa shingen masu bindiga. A shinge fuska suke fara karantawa kafin takarda. Wani abu ya fashe kusa da gidansa, gilashi ya yi masa layi uku a kumatu. Matarsa Hawwa ta yi abin da iyayenmu ke yi, ta shafa masa baƙin tukunya don jini ya tsaya. Layi uku baƙaƙe, daidai irin tsagar mutanen da 'yan shingen suke farauta a lokacin. In ciwon ya warke a haka, ko Yunusu ya bar hanyar, gidansa ya kwana da yunwa, ko ya bi ta ya ƙi dawowa.

Da Hawwa ta kawo shi, Mudi ya kama haɓarsa ya juya.

"Wa ya yi maka wannan kwalliya?"

"Hawwa ce, Baba. Jinin ya ƙi tsayawa."

"Haka ubana ke yi in yana so tsaga ta raka mutum kabari. Zauna. Ya'akubu, riƙe masa kai."

Na riƙe, kamar yadda nake riƙe rago. Mudi ya sa sabulu da ruwan gishiri ya sake buɗe ciwon, yana tsince baƙin da tsinin aska ɗaya bayan ɗaya.

Yunusu ya kurma ihu. "Baba Mudi, ka bari! Gara harsashi!"

"Harsashin na shinge yana jiranka, ba inda za shi. Daina motsi."

Hawwa tana gefe tana kuka. Mudi bai yi mata faɗa ba. Ce mata ya yi ta matso ta kalli yadda ake yi. Da ya rufe ciwon ya hana Yunusu shiga rana, ya hana shi ɓanɓare ɓawo, ya ce kada ya kusanci shinge sai shi ya ce. Mu mahauta muka riƙe gidansa da nama.

Na tambayi Mudi inda ya koyi wannan. Ya ce, "Na san abin da ke zaunar da tsaga: a buɗe ta, a baƙanta ta, a bar wa rana. Juya shi kawai na yi."

Ranar da Yunusu ya koma hanya, wani direba mai suna Idris yana bayansa a layi, shi ya ba mu labari. Mai bindiga ya kama haɓar Yunusu, ya juya kumatun zuwa haske, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sake shi ya ce, "Amshi." Wato tafi. Yunusu ya iso da nama kafin azahar.

Mudi, kai ne ka gaji aikin sa wa fuska alama, ka ƙare kana hana ta zama. Yanzu ka ce idonka ya fara gajiya, bayan layya za ka rataye zabira. Mun gode. Allah Ya saka maka.

Ku kuma mutanen Dembe, yaƙin bai ƙare ba. Ku daina zuba wa ciwo baƙin tukunya. Ku je ku tsuguna a gefen tabarmar nan ku koya tun yana iya gani. Har yau Hawwa kaɗai ta je.